Guguwar Galveston ta 1900: yadda aka bi sawunta da inda sawun ya ɓace

Ranar 27 ga Agustan 1900, wani jirgin ruwa da ke tsakiyar tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,600 gabas da tsibiran Karibiyan, ya ci karo da hadari da iska mai ɗan ƙarfi. Ma'aikatan jirgin suka rubuta abin da suka gani a littafin tafiya, suka ci gaba da harkarsu. Ba su da hanyar sanar da kowa a tudu, domin a wancan zamani jirgin da ya bar tashar ruwa ya yanke da duniya ke nan har sai ya sake sauka a wata tashar. Bayan kwana 12, ranar Asabar 8 ga Satumba, wannan hadarin ya zama mahaukaciyar guguwa, ya afka wa birnin Galveston na jihar Teksas a Amurka. Birnin na da mutum kusan 38,000. Waɗanda suka rasu a birnin da kewayensa ana ƙiyasta su tsakanin 6,000 da 12,000, galibi ana cewa 8,000. Har yau Amurka ba ta ga wani bala'i daga indallahi da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Kwana 12 ba kaɗan ba ne. Guguwar ba faɗowa ta yi daga sama rana ɗaya ba: ta ratsa tsibirai masu mutane, masu wayar tangaraho, masu ma'aikatan hasashen yanayi da ke karɓar albashi don wannan aiki. An gan ta, an auna ta, an rubuta rahotonta. Amma duk da haka, da safiyar ranar da ta iso, yara na wasa a ruwan da ya fara malala a titunan Galveston, manya kuma na tururuwa zuwa bakin teku kallon igiyar ruwa. Abin da ya faru tsakanin rahoton farko da wannan safiya shi ne abin dubawa.

Daga ina ta taso

Masana na ganin cewa asalinta daga gaɓar Afirka ta Yamma ne, kamar yawancin manyan guguwoyin Atlantika. A nan labarin ya taɓa mu kai tsaye. Da damina, zafin Sahara daga arewa da sanyin iskar teku daga kudu suna haɗuwa a saman yankin Sahel, sai su haifar da wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Wannan iska ba ta tafiya a miƙe. Tana lanƙwasa, kuma duk lanƙwasa na ɗauke da tarin hadari. Kowace lanƙwasa tana tasowa daga wajen Sudan da Chadi, ta ratsa Nijar da arewacin Nijeriya, ta bi ta Mali, ta fita teku ta wajen Senegal da Gini, ɗaya bayan ɗaya, duk bayan kwana 3 zuwa 5. Shi ya sa hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma shi ya sa sau da yawa ruwan ke zuwa a yi kwana biyu ko uku sannan wani ya biyo. A shekara ana samun kusan 60 irin waɗannan. Mafi yawansu suna mutuwa a kan teku ba wanda ya san da su. Kaɗan ne ke samun ruwa mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko 27 da iska mai natsuwa a sama, su fara juyawa, su yi ta shan tururin teku suna girma. Kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwoyin Atlantika daga nan suke.

A 1900 babu wanda ya san wannan. Sai a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, da hotunan tauraron ɗan'adam suka samu, aka tabbatar da alaƙar hadarin Sahel da guguwar Amurka. Ga ma'aikatan wancan lokaci, guguwa ba ta wanzu ba sai ta taɓa tsibiri.

Abin da ke hannunsu

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai barometa, na'urar auna nauyin iska, wadda ke sauka idan guguwa ta matso. Akwai na'urar auna gudun iska da ake kafawa a kan rufi, da mazubin auna ruwan sama, sai idon ma'aikaci da ke kallon gajimare da teku. Kowace tasha za ta auna a ƙayyadadden lokaci, ta tura da wayar tangaraho zuwa babban ofishi a Washinton. A can ake zuba alƙaluman a kan taswira, a ja layi tsakanin wuraren da nauyin iskarsu ya zo ɗaya, a ga inda ya fi sauka, a ce nan ne tsakiyar hadarin. Gobe a sake, a gwada da na jiya, a ga inda ya dosa.

Tsarin yana aiki a kan tudu, inda tashoshi ke kusa da juna. A kan teku kuwa taswirar fara ce fat. Jiragen ruwa suna da barometa, kyaftin-kyaftin ɗinsu kuma sun san hadari fiye da kowa, amma rediyon jirgi bai fara aiki ba tukuna. Labarinsu yakan iso ne bayan aikin gama ya gama.

Gwamnatin Amurka ta san da wannan giɓi. A 1898, lokacin yaƙinta da Sifaniya, shugaba William McKinley ya ba da umarnin kafa tashoshin lura da guguwa a tsibiran Karibiyan, saboda tsoron kada hadari ya nutsar masa da jiragen yaƙi. Bayan yaƙin, Kyuba ta koma ƙarƙashin mulkin sojan Amurka, aka mayar da hedikwatar tashoshin Habana, babban birnin Kyuba. Saboda haka zangon farko na tafiyar guguwar an bi shi daidai gwargwado. Ranar 30 ga Agusta ta shiga tekun Karibiyan ta wajen tsibirin Antigua. Ranar 2 ga Satumba ta taɓa Jamhuriyar Dominika. Washegari ta isa Kyuba, inda birnin Santiago ya samu ruwan sama na kusan milimita 320 cikin awa 24. A duk wannan tafiya ba ta kai matsayin mahaukaciyar guguwa ba. Hadari ne mai ruwa da yawa da iska matsakaiciya. Ya kamata a riƙe wannan, domin shi ne ya kwantar wa jami'an Amurka da hankali.

Rigimar Habana

A Habana akwai wata cibiyar lura da yanayi da ta girmi ta Amurkawa nesa ba kusa ba, a kwalejin Belen ta limaman Katolika 'yan ɗariƙar Jesuit. Fada Benito Viñes, ɗan Sifaniya, ya karɓi ragamarta a 1870, ya riƙe har rasuwarsa a 1893. Mutum ne da ya ba da rayuwarsa ga abu ɗaya. Idan guguwa ta wuce, yakan bi bayanta ƙauye-ƙauye, yana duba ta ina itatuwa suka faɗi, yana tambayar manoma da masunta ƙarfe nawa iska ta juya. Ya haɗa masu aiko masa da rahoto daga tsibirai daban-daban. Ya lura cewa siraran gajimare masu kama da gashin tsuntsu da ke can ƙololuwar sama suna bazuwa ne daga tsakiyar guguwa, don haka wanda ya bi inda suka haɗu a sararin sama zai san ta wane ɓangare take, tun tana da nisan ɗaruruwan kilomita. Ya kuma lura cewa inda guguwa ke karya kwana zuwa arewa ya danganta da watan da ake ciki. A watan Satumban 1875 ya buga gargaɗi a jaridu kafin wata guguwa ta iso Kyuba, kuma ta zo kamar yadda ya faɗa. Daga nan matuƙan jiragen ruwa suka riƙa neman jin ta bakinsa kafin su tashi. Da ya rasu, Fada Lorenzo Gangoiti ya gaje shi.

Shugaban Hukumar Hasashen Yanayi ta Amurka a lokacin, Willis Moore, wanda ya riƙe muƙamin daga 1895 zuwa 1913, bai ɗauki waɗannan mutane a bakin komai ba. Shi da manyan jami'ansa a Habana, H. H. C. Dunwoody da William Stockman, suna ganin masanan Kyuba na saurin tada hankalin jama'a, kuma aikin nasu kallon gajimare ne kawai, ba ilimi ba. Moore mutum ne mai son komai ya bi ta hannunsa. Ko ma'aikatansa na cikin Amurka bai yarda su ayyana zuwan mahaukaciyar guguwa da kansu ba sai da izinin Washinton. Yana da dalilinsa: gargaɗin ƙarya na tsayar da jirage a tasha, ya jawo asara, 'yan kasuwa su yi ƙorafi, hukumar ta sha zagi. Amma a ƙarshen Agustan 1900, daidai lokacin da hadarin ke tsallako Atlantika, hukumar ta sa ma'aikatar yaƙi, wadda layukan tangarahon gwamnati a Kyuba ke hannunta, ta hana aika duk wani saƙon hasashen yanayi da ba na hukumar ba. Aka toshe bakin waɗanda suka shekara talatin suna nazarin guguwar wannan yanki.

Da hadarin ya bar Kyuba ta arewa maso yamma wajen 5 ga Satumba, sai ra'ayi ya rabu. Hukumar Amurka ta ce zai karya kwana ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Fulorida, ya bi gaɓar Atlantika. Aka tura gargaɗi garuruwan gaɓar gabas. Gangoiti ya kalli sama ya ga wani abu dabam: da'ira ta kewaye wata ta daɗe ba ta gushe ba, sama ta yi ja jawur da asuba, siraran gajimaren kuma suna nuna cewa tsakiyar hadarin na yamma, cikin tekun Meksiko, kuma ya ƙara ƙarfi ba raguwa ya yi ba. Ya ce ya nufi wajen Teksas. Ya buga a jaridun Habana, domin ita ce ƙofar da ta rage masa. Maganarsa ba ta isa Galveston ba.

Hasashen Washinton ba shirme ba ne a kan kansa. Guguwoyi da yawa da suka kai wannan wuri sukan karya kwana haka, domin suna zagaye gefen wani babban yankin iska mai nauyi da ke zaune a tsakiyar Atlantika. Sai dai a wannan mako iska mai nauyin ta miƙo har kan gabashin Amurka, ta tare hanyar arewa, ta tura hadarin yamma. Jami'an sun dogara da abin da aka saba gani, alhali ba su da awo ko ɗaya daga cikin tekun da zai tabbatar musu. Wanda ba shi da ido a wuri, abin da ya kamace shi shi ne ya saurari duk wanda ya ce ya hango wani abu. Su kuwa sai suka yi akasin haka.

Kwana biyu a duhu

Ruwan tekun Meksiko a farkon Satumba yana da ɗumi ƙwarai, kuma bazarar 1900 ta zo da zafi mai tsanani a Amurka. Hadarin da ya bar Kyuba da rauni ya samu abin da yake nema. Ranar 6 ga Satumba wani jirgin ruwa mai suna Louisiana, wanda ya taso daga New Orleans ƙarƙashin kyaftin T. P. Halsey, ya shiga cikinsa. Barometar jirgin ta sauka zuwa kusan miliba 973 (miliba ma'aunin nauyin iska ne), alhali a ranar da yanayi ke lafiya takan tsaya wajen 1,013. Duk matuƙin da ya ga wannan ya san ba hadari ne na wasa ba. Da wannan adadi ɗaya ya isa Washinton a ranar, da taswirar ta sauya gaba ɗaya. Ya tsaya a littafin kyaftin.

A tudu, abin da jami'an suka fara lura da shi shi ne hadarin bai bayyana inda suke jiransa ba. Fulorida ta samu iska da ruwa, amma tsakiyar ba ta ratsa ta ba. Tashoshin gaɓar Luwiziyana da Misisipi kuma suka fara ba da rahoton iska da hawan ruwa. Sai a lokacin aka gane cewa abin na cikin teku yana tafiya yamma. Da safiyar Juma'a 7 ga wata Washinton ta umarci Galveston ta ɗaga tutar gargaɗi, jar tuta mai baƙin murabba'i a tsakiya. An ɗaga ta a kan benen Levy, inda ofishin hukumar yake. Ke nan ba gaskiya ba ne a ce ba a yi gargaɗi ba sam. An yi, amma na hadari da iska ne, irin wanda mutanen gaɓa suka saba gani, wanda ma'anarsa ita ce ƙananan jirage su zauna a tasha. Bai ce komai a kan ruwa ba, kuma ruwan ne ya kashe mutane.

Isaac Cline da ranar Asabar

Galveston na kan wani siririn tsibiri ne na yashi, teku a kudu, wani babban tafkin ruwan gishiri a arewa tsakaninsa da babban tudu. Wuri mafi tsayi a birnin mita 2.7 ne kacal sama da teku. Birni ne mai arziki, ɗaya daga cikin manyan tashoshin fitar da auduga na Amurka. Gadoji uku na jirgin ƙasa da ɗaya ta keken doki ne suka haɗa shi da tudu. Tuddan yashin da ke bakin teku, waɗanda ke ɗan tare ruwa, an kwashe da yawansu an cike kwari don gina gidaje.

Ba a rasa ishara ba. Garin Indianola, wata tashar ruwa a gaɓar Teksas ɗin, guguwa ta rushe shi a 1875, aka sake ginawa, ta dawo a 1886, mutane suka watse suka bar shi kufai. Bayan haka wasu a Galveston suka nemi a gina katangar tare teku. A 1891 Isaac Cline, shugaban ofishin hasashen yanayi na birnin tun 1889, ya rubuta a jaridar garin cewa babu buƙata. Hujjarsa ita ce guguwa mai ƙarfi ba ta cika zuwa wannan gaɓa ba, kuma ko ta zo, rashin zurfin tekun zai karya ƙarfin igiyar ruwa, abin da ya haye kuma zai malale zuwa tafkin da ke baya. Gaskiyar kuwa a juye take. Wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a faranti ya san ɗan motsi kaɗan ke tara shi gefe guda ya zube, abin da ba ya faruwa da bokiti mai zurfi. Haka iska ke yi wa teku marar zurfi: tana tura ruwan gaba, ba shi da inda zai nutse ya koma, sai ya taru ya hau tudu. Ba a gina katangar ba.

Cline ba malalaci ba ne, kuma ba jahili ba ne. Tun ranar Juma'a wani abu ya dame shi: sama garau, barometa ba ta sauka sosai ba, amma manyan igiyoyin ruwa dogaye suna ta dukan gaɓa a hankali, da nauyi. Irin waɗannan igiyoyi guguwa ce ke haifar da su, kuma sun fi ta sauri, don haka sukan riga ta isowa da kwana ɗaya ko fiye. Da ƙarfe 5 na asubahin Asabar ya je bakin teku da agogo a hannu yana ƙirga tazarar da ke tsakaninsu. Ya aika wa Washinton cewa igiyoyi masu nauyi na zuwa daga kudu maso gabas duk bayan minti 1 zuwa 5, ruwa ya shiga unguwannin kudu, kuma bai taɓa ganin ruwa ya hau haka ba alhali iska na kaɗawa daga arewa. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce zuciyar al'amarin. Iskar arewa kamata ya yi ta kore teku daga gaɓa. Idan ruwa na hawa duk da ita, to wani abu mai girma ne ke turo shi daga baya.

Mutanen gari ba su ji tsoro ba, domin ruwa ya saba shigowa tituna ya koma, shi ya sa ma ake gina gidaje a kan ginshiƙai. Kafin ƙarfe 9 na safe ruwan sama ya fara. Iskar arewa ta turo ruwan tafki cikin gari ta baya, teku na shigowa ta gaba, da rana ruwan biyu suka haɗu a tsakiyar birni. Gadoji suka nutse. Daga wannan lokaci babu sauran mafita daga tsibirin. Wajen ƙarfe 3:30 na yamma ƙanen Cline, Joseph, wanda shi ma ma'aikacin ofishin ne, ya kutsa cikin ruwa ya samu layin tarho guda da ya rage zuwa birnin Houston da ke kan tudu, ya tura saƙon ƙarshe cewa rabin gari na cikin ruwa. Daga nan layin ya yanke.

Bayan ƙarfe 6 na yamma iska ta fizge na'urar auna gudunta daga kan rufi, bayan ta nuna kilomita 160 a awa. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya kai ƙarfinta wajen kilomita 230. Barometar ofishin ta sauka har miliba 964. Tsakiyar guguwar ta hau tudu ɗan yamma da birnin, wanda shi ne mafi muni ga Galveston: a arewacin duniya guguwa na juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka garin da ke hannun damanta shi iska ke kwaso teku ta jibga masa. Da iskar ta juya ta koma daga gabas, sannan kudu maso gabas, ruwan da iskar arewa ta ɗan riƙe ya sako gaba ɗaya. Cline ya rubuta a rahotonsa cewa wajen 7:30 yana tsaye a ƙofar gidansa ruwa ya ƙaru da fiye da mita ɗaya cikin daƙiƙa 4. Hawan ruwan ya wuce mita 4.6.

Bayan wata babbar gobara a 1885 an koma rufin gidaje da falalen dutse don gudun wuta. A wannan dare iska ta ɓamɓare su suna yawo suna yanka mutane. Gidajen katako na layin farko suka rushe, teku ta kwashi katakon ta daki layi na biyu da shi, ta haɗa ta daki na uku, har tarkacen ya zama wani dogon tudu mai tsayin bene, wanda a ƙarshe shi ya tare wa tsakiyar gari ruwa. Mutum kusan 50 ne suka fake a gidan Cline saboda ƙarfin gininsa. Wani yanki na gadar taragon cikin gari da ruwa ya tumɓuke ya zo ya daki gidan, ya kife. Mutum 18 suka tsira. Cline da ƙanensa da 'ya'yansa mata uku sun kwashe awanni a kan tarkace cikin duhu. Matarsa Cora, tana da juna biyu, ba ta fita ba. A gidan marayu na St. Mary's da ke bakin teku, mata masu hidimar coci su 10 suka ɗaure yaran a jikinsu da igiyar shanya don kada ruwa ya raba su. Dukansu sun rasu tare da yara 90. Yara maza uku ne kawai suka rayu.

Gidaje fiye da 3,600 suka rushe. Duniya ba ta ji labari ba sai da wasu mutane suka ƙetare a wani ƙaramin jirgi ranar Lahadi, suka isa ofishin tangaraho na Houston da asubahin Litinin 10 ga wata. Sun ce suna zaton mutum 500 sun mutu, aka ɗauka ƙari suka yi. Gawawwaki sun yi yawan da ba a iya binnewa ba. Aka loda kusan 700 a jirgin ruwan dakon kaya aka zuba a teku, ruwa ya maido su gaɓa, sai aka koma ƙonawa, aka yi makonni ana yi. Da bakin bindiga aka tilasta wa mutane wannan aiki, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka tilasta wa baƙar fata ne.

Ina laifin yake

Daga baya Cline ya ce ya bi bakin teku a keken doki da safiyar Asabar yana gargaɗin mutane su koma tudu, kuma hakan ya ceci dubbai. Masu binciken tarihi na tababar wannan, domin ba a samu shaidar waɗanda suka tsira da ke tabbatar da shi ba. Hukumar ita ma ta fito ta ce ta yi aikinta, ta ba da gargaɗi a kan lokaci. Ni abin da ya fi ba ni takaici ba kuskuren hasashen ba ne. Da kayan aikin 1900, kowa zai iya ɓatar da guguwa a tsakiyar teku, kuma rashin rediyo a jirgin Halsey ba laifin kowa ba ne. Amma hana masanan Belen amfani da waya zaɓi ne da mutane suka zauna suka yi, kuma raini ne ya kawo shi: sojan mamaya da ke ganin 'yan ƙasa ba su da abin koya masa. Babu mai iya rantsewa cewa da saƙon Gangoiti ya isa, da an kwashe mutane. Birnin ba shi da tsarin kwashe jama'a, kuma da wuya attajiran auduga su rufe harka saboda maganar wani limami a Habana. Amma da Cline ya tsaya a bakin teku ranar Juma'a yana kallon waɗannan igiyoyi da labarin cewa babbar guguwa na cikin teku ta nufo Teksas, da ya fahimci abin da yake gani kwana guda kafin gadoji su nutse, lokacin da jiragen ƙasa ke shiga da fita.

Mafi nauyi kuma shi ne rubutun 1891. Bin sawun guguwa ba ya amfani idan wanda ake gaya wa ya riga ya yarda cewa ko ta zo ba abin da za ta yi masa. Mutumin da jama'a suka ɗauka ya fi kowa sani ya ce musu su kwantar da hankali, suka kwantar, shi ma ya yarda da maganarsa har ya tara iyalinsa da maƙwabta a gida mai tazarar layi uku daga teku. Ya biya da abin da ya fi komai tsada a wurinsa, kuma wannan ya sa ba na iya yi masa hukunci da zafi. A 1901 aka mayar da shi New Orleans, ya shafe sauran shekarun aikinsa yana nazarin yadda hawan ruwa da igiyoyi ke nuna inda guguwa ta dosa.

Guguwar ba ta tsaya a Teksas ba. Ta ratsa tsakiyar Amurka, a nan ne ta karya kwanar da aka yi ta jira, ta bi ta manyan tafkunan arewa ta shiga Kanada, ta nutsar da jiragen masunta a wajen Newfoundland, aka daina jin ɗuriyarta kusa da Iceland wajen 15 ga Satumba. Ita ce ta farko cikin guguwoyi 7 da aka san an yi a Atlantika a wannan shekara.

Galveston ta fara gina katangar a 1902, zangon farko mai tsawon kilomita 5.3 da tsayin mita 5.2 ya kammala a 1904. Sannan aka ɗaga gine-gine fiye da 2,000 da jak, aka turo yashi daga ƙarƙashin ruwa aka cike ƙasansu. A 1915 wata guguwa mai kusan irin wannan ƙarfi ta zo, waɗanda suka rasu a tsibirin ba su kai ɗari ba. Amma kasuwa ta riga ta koma Houston, musamman bayan samun man fetur a Spindletop, a jihar ta Teksas, a 1901 da buɗe hanyar manyan jirage zuwa Houston a 1914.

Giɓin da ke taswirar kuwa a hankali aka cike shi. A 1909 jirgin ruwa mai suna Cartago ya aiko da rahoton guguwa ta rediyo daga wajen Yucatan, karo na farko. Ranar 27 ga Yulin 1943 wani matuƙin sojan sama, Joseph Duckworth, ya kutsa da ƙaramin jirgi cikin idon wata guguwa a wannan yanki na Galveston ɗin, daga nan aka fara aika jirage su auno guguwa daga ciki. A 1960 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton gajimare, a 1961 kuma, da guguwar Carla ta nufo Teksas, aka nuna hotonta da na'urar hango hadari ta rada ta ɗauka daga ofishin Galveston a talabijin, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gaɓa kafin ta iso. Hanyar guguwar 1900 da muke gani a taswira yau ma daga baya aka haɗa ta. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai José Fernández-Partagás, masanin yanayi haifaffen Kyuba, wanda ya shafe shekaru a ɗakunan karatu na Miami yana tono rahotannin jiragen ruwa daga tsofaffin jaridu, ya sake zana hanyoyin guguwoyin Atlantika daga 1851 zuwa 1910, kuma a kan aikinsa ne hukumar Amurka ta gyara kundinta na wancan zamani.